Wa Ya Nome Inabin Stellenbosch?

  

Yau sharhinmu zai yi nisan zango. Za mu gangara can ƙarshen kudancin nahiyarmu, ƙasar Afirka ta Kudu. A bayan birnin Cape Town akwai wani yanki na duwatsu da kwaruruka, cike da gonakin inabi. Yankin ya yi suna a duniya saboda giyar inabi, kuma baƙi na tururuwa can don ɗanɗana ta.

Na san da jin kalmar giya wani ya kai hannu zai murɗa rediyo. Dakata Malam. Dakata Hajiya. Ba tallar giya ta kawo ni ba. Hukuncinta a wurin Musulmi a bayyane yake, babu ja-in-ja, kuma ni ba na shan ta. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne mutanenmu na zuwa can. Akwai ɗalibai, akwai 'yan kasuwa, akwai ma'aikatan da ake turawa taro. Ranar da aka rufe taro sai a ce an tanadi mota, za a kai baƙi yawon gonakin inabi. Nan mutum zai tsaya yana wasiwasi, ya bi ayari ko ya zauna a masauki. Ni na taɓa shiga irin wannan mota. Abin da na gani shi na kawo muku.

Maganata ɗaya ce, kuma zan yi ta maimaita ta. In ka je, ka kalli gonar, ka more idonka. Amma kada ka baro wurin ba ka tambayi wanda ya nome ta ba.

To, bari mu fara da abin da ido ke gani.

Daga Cape Town zuwa garin Stellenbosch tafiyar kamar kilomita 50 ce. Da ka wuce filin jirgin sama, gefen titi gidajen kwano ne da langa-langa, a cunkushe, har iya ganinka. Nan talakawan birnin ke kwana. Ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa. Jim kaɗan sai hanya ta buɗe, duwatsu su taso gabanka, dogaye, launin toka, gajimare na zaune a kansu kamar rawani. A gindinsu kuma inabi ne, layi-layi, kamar an ja kunya da igiya.

Jama'a, wurin yana da kyau. Ba zan ɓoye muku ba. Wani gwamnan Turawan Holan mai suna Simon van der Stel ya kafa garin a 1679, ya kuma laƙaba masa sunansa. Manyan itatuwa sun yi wa tituna rumfa. Ruwa na gudu a 'yan ƙananan magudanai a gefen hanya. Tsofaffin gidajen farare ne fat, da rufin ciyawa, goshin kowane gida an yi masa ado ya tashi sama, abin da ya tuna mini da zankon gidajenmu na da. A bakin layukan inabi sai ka ga an dasa furen wardi. Na ɗauka ado ne kawai. Ashe tsohuwar dabarar manoma ce. Cutar da ke kama ganyen inabi takan fara bayyana a jikin furen, sai manomi ya farga da wuri.

Lokutansu kuma a juye suke da namu. Sa'ad da muke rawar ɗarin hunturu a watan Janairu, su zafi suke sha, inabi na nuna, ana shirin girbi. Girbin kan kai har watan Maris. Ruwan samansu kuma tare da sanyi yake zuwa, a tsakiyar shekara. Wannan rani mai tsawo ba ruwa, da iska mai sanyi da ke tasowa daga teku, su suka sa inabi ya karɓi ƙasar.

Gaba kaɗan akwai wani ƙaramin gari a cikin kwari, Franschhoek. Ma'anar sunan, lungun Faransawa. Kafin nan lungun giwaye ake ce wa wurin, don giwaye ne ke shigowa ciki. A 1688 wasu iyalai Kiristoci 'yan Furotesta suka iso daga Turai, bayan Sarkin Faransa ya hana su yin addininsu. Aka yanka musu gonaki a kwarin. Har yau gonakin na ɗauke da sunayen Faransanci. Akwai ma wani ɗan jirgin ƙasa da ke zagayawa da baƙi daga wannan gona zuwa waccan.

Wannan ke nan game da kallo. Yanzu mu shiga ɗakin ɗanɗano, don nan ne hankalin Musulmi ke tashi.

Ga yadda abin yake. Dogon teburi ne, an jera kofunan gilashi masu dogon wuya. Mai gabatarwa zai zuba kaɗan a kowane kofi. Baƙo ya ɗaga, ya karkaɗa, ya shinshina, ya kurɓa. Masu sana'ar ma ba sa haɗiyewa, tofarwa suke yi a wani ɗan bokiti da aka ajiye don haka. Ana nan ana bayanin irin ƙasar da inabin ya fito, da shekarar girbi, da gangar katakon da aka ajiye shi a ciki. Akwai wani iri da suke alfahari da shi, Pinotage, wanda wani malamin Jami'ar Stellenbosch, Abraham Perold, ya samar ta hanyar aurar da iri biyu, kimanin shekara ɗari da suka wuce.

Ni dai da muka shiga, na matsa kusa da yarinyar da ke zubawa, na ce mata ni Musulmi ne, ba na sha. Ko a fuskarta. Ta saba, domin Musulmi na da yawa a yankin Cape. Ta kawo mini ruwan inabi zalla, fari da ja, wanda ba a bari ya tsima ba. A nan ga shawara ga mai niyyar tafiya. Ka ce a nuna maka kwalbar, ka karanta da idonka. Akwai ruwan inabi tsantsa. Akwai kuma giyar da aka tsima sannan aka cire mata barasa, kuma sau da yawa ɗan kaɗan na saura a ciki. Ba ɗaya suke ba. Kada kunya ta hana ka tambaya.

Sannan malamanmu sun yi gargaɗi a kan zama a teburin da ake shan giya. Saboda haka ban zauna ba. Na ɗauki kofina na fita waje. Ba wanda ya tsare ni, ba wanda ya ga laifina. Kuma wannan fitar ce ta nuna mini abin da ya sa nake muku wannan sharhi. Amma kafin nan, bari in ɗan taɓo abinci, don na san wasu shi suke jira.

Akwai wani abinci da suke kira bobotie. Niƙaƙƙen nama ne da kayan ƙamshi, a kwaɓa ƙwai da madara a zuba a kai, a gasa. Ana cin sa da shinkafa mai kurkum da zabibi. Akwai kifin teku mai suna snoek da suke gasawa a garwashi. Akwai busasshen nama, biltong, ɗan'uwan kilishinmu, sai dai shi ba ƙuli ba yaji mai yawa. Akwai wani burodi mai laushi da ake kwaɓawa da ruwan inabin da ya fara tashi a lokacin girbi, to wannan sai ka tambayi yadda aka yi shi. Gaba ɗaya ma ka riƙa tambaya, don a gidajen abincin gonakin ana dafa naman alade, ana kuma zuba giya a miya. In ka yi shakka, ga kifi, ga cuku, ga zaitun, ga 'ya'yan itace har sai ka ture. In kuwa halal kake so hankali kwance, ka nemi gidajen abincin Musulmi, musamman a unguwar Bo-Kaap cikin Cape Town. A can za a ba ka koesister, wani soyayyen fanke mai kirfa da citta, a tsoma a ruwan sukari a barbaɗa masa kwakwa. Safiyar Lahadi ake cin sa, da shayi mai zafi.

To amma ka tsaya ka yi tunani. Kirfa, kanumfari, kurkum, a girkin ƙasar da Turawan Holan suka mallaka. Daga ina? Daga hannun bayi. Matan da aka kamo daga Indiya da tsibiran Indunusiya su ne masu girki a waɗannan fararen gidaje. Ko a cikin kwanon abinci ma, tambayarmu na nan. Wa ya dafa? Wa ya noma?

Yanzu ku biyo ni waje, mu je ga zuciyar maganar.

A bayan gidan gonar na ga wasu ginshiƙai biyu farare, an haɗe su a sama, ƙararrawa na rataye a tsakiya. Baƙi na tsayawa gindinta suna ɗaukar hoto. Kyakkyawa ce. Amma sunanta ƙararrawar bayi. A zamanin bauta ita ake kaɗawa da asuba a fito da su gona, ita ake kaɗawa da yamma a mai da su ɗaki. Tsofaffin gonaki da dama na da irinta har yau.

Na wuce ta, na gangara cikin layukan inabi. Rana ta take. Can na tarar da masu girbi. Na tsaya kusa da wata dattijuwa, ta ɗaure kanta da ɗankwali, ta ɗora hula a kai. Ɗan almakashi ne a hannunta. Ta sa hannun hagu ƙarƙashin ganye, ta tallabo curin inabi, ta datse, ta sa a kwando. Ba ta ko duban hannun. Yatsunta sun yi baƙi da ruwan inabi da ƙura, fatar ta tsattsage kamar ƙafar manomi a hunturu. Na gaishe ta, ta ɗago ta amsa da fara'a, ta miƙo mini curi ɗaya. Inabin da ɗumin rana a jikinsa, zaƙi kamar zuma. Kafin in gama ci ta yi gaba da taku goma, domin a lokacin girbi yawan kwandunanka yawan abin da za ka samu. Tsakaninta da teburin nan mai kofunan gilashi bai fi jifa biyu ba. Ba na jin ko mutum ɗaya a teburin ya san tana wurin.

Masu sauraro, ga tarihin a taƙaice. Kamfanin kasuwancin Holan ya kafa zango a Cape a 1652, ƙarƙashin Jan van Riebeeck, don jiragen ruwa masu zuwa gabas su riƙa samun ruwa da abinci. Bayan shekara bakwai aka matse inabin farko. Amma tun kafin a matse shi, jiragen bayi sun riga sun iso. Na farko-farko daga Angola aka kwaso su, da kuma gaɓar tekun Afirka ta Yamma, wato nan kusa da mu. Daga baya aka riƙa kawowa daga Madagaska da Mozambik da Indiya da Indunusiya. Filin kuma ba kango ba ne. Makiyayar mutanen Khoikhoi ce, masu shanu da tumaki, aka ture su aka dasa inabi. Duk wanda ya san zafin a ƙwace wa makiyayi burtali da mashaya ya san abin da nake nufi.

An soke bauta a can a 1834, aka kuma tilasta wa bayin ƙarin shekara huɗu suna aiki kafin a sake su. Da aka sake su, ina za su? Ba fili, ba jari. Da yawa suka zauna a gonakin da aka bautar da iyayensu. Sai wata igiya ta maye gurbin sarƙa. Sunanta dop.

Ku saurara da kyau, don wannan shi ya fi ci mini rai. Dop na nufin ɗan awon giya. Mai gona zai biya lebura wani ɓangare na ladansa da giya. Ba sau ɗaya a wuni ba. Da safe a ba shi, da rana a ba shi, da yamma a ƙara masa. Giyar da ba ta sayuwa a kasuwa, ita ake ɗura wa ma'aikaci. Mai gona ya rage asara, ya rage kuɗin ƙwadago, ya kuma samu bawan da ba zai gudu ba, domin jikinsa ya riga ya kamu. Uba ya sha, ɗa ya taso ya tarar, jika ya gada. An haramta wannan a doka tun wajen 1960, amma aka ci gaba da yi a wasu gonaki har bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata.

Yau galibi an daina biya da giya. Amma tabon bai warke ba. Mace mai ciki in tana sha, barasar na ratsawa ta kai ga ɗan tayi. Sai a haifi yaro ƙarami, ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, karatu ya gagare shi har abada. Likitoci sun tabbatar cewa yankunan gonakin nan na cikin wuraren da wannan larura ta fi yawa a duk duniya. Yaron bai taɓa ɗaga kofi ba, amma shi ke biyan bashin shekaru ɗari uku.

Don haka nake cewa, ka kalli gona, ka kuma tambayi wanda ya nome ta.

Adalci ne in faɗi cewa abubuwa na sauyawa. A ƙarshen 2012 leburorin gonakin inabi a garin De Doorns suka yi yajin aiki, suka tare babbar hanya, wutar ta bazu zuwa wasu garuruwa. Aka yi asarar rayuka. Daga baya gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin ladan wuni daga rand 69 zuwa 105, a kuɗin ƙasar. Akwai gonakin da suka gina wa ma'aikata gidaje na kirki da makarantar yara. Akwai waɗanda suka ba ma'aikata hannun jari. Na yaba musu. Amma mafi yawan filin har gobe yana hannun fararen fata. Kuma leburori da dama aikin girbi kawai ake ɗaukarsu, in an gama a sallame su, su koma gidajen kwano irin waɗanda na ce ku riƙe a ranku.

Saura juyi na ƙarshe, kuma shi ne mai sanyaya zuciya.

A cikin wannan ƙasa ta giya Musulunci ya kafu, kuma a hannun bayi da fursunoni ya kafu. Kogin da ya ratsa Stellenbosch, in ka bi shi zuwa inda yake faɗawa teku, za ka iske wani wuri mai suna Macassar. A kan tudu akwai hubbare mai ƙubba. Na Shehu Yusuf ne, malami kuma jagoran gwagwarmaya daga Indunusiya. Turawan Holan suka kama shi, suka kawo shi Cape a 1694, suka ajiye shi can bayan gari don kada ya haɗu da jama'a. Sai bayin da suka gudu suka riƙa neman inda yake. Ya rasu a 1699. Har yau ana ziyararsa. A Constantia ma, inda tsofaffin gonakin inabi suke, akwai hubbaren wasu shehunnai da aka koro, ɗaya a gefen gonar inabi, ƙarƙashin itatuwa, kusa da ruwa mai gudu.

Bayansu aka yi wani malami, Tuan Guru, wanda aka tsare a tsibirin Robben, ya rubuta Alƙur'ani da ka. Da ya fito ya buɗe makaranta, aka kafa masallacin Auwal a Bo-Kaap a 1794. Kuma ga abin da zai ba Bahaushe sha'awa. Harshen Afrikaans, wanda waccan dattijuwa mai almakashi ke yi, malaman Cape sun rubuta shi da haruffan Larabci tun ƙarni na goma sha tara. Ajami ke nan, irin namu. Mutanen da aka kewaye da gangunan giya, aka hana su 'yanci, suka riƙe salla da allo. Jikokinsu ne suka sa yau za ka ce ba ka sha a tsakiyar gonar inabi, a ce maka to, ga ruwan inabi.

In ka bi hanyar da ta haɗa Franschhoek da garin Paarl kuma, ka ce direba ya tsaya a ƙofar wani gidan yari. Daga nan Nelson Mandela ya fito ranar 11 ga Fabrairun 1990. Mutum-mutuminsa na nan a ƙofar, ya ɗaga hannu a dunƙule. Gonakin inabi ne kewaye da wurin.

Kafin in yi sallama, bari in juyo gida, don kada mu nuna wa wani yatsa mu manta da namu. Mu ba ma biyan lebura da giya. Amma mun san samarin da ke haɗiyar ƙwaya irin su Tramadol kafin su shiga ƙwadagon noma ko ɗaukar kaya, wai don su ji ƙarfi. Mun san mai gonar da ke gani ya kau da kai, tunda aikinsa na tafiya. Alhaji mai gona, yaron nan ɗan wani ne. In ka ga ya yi aikin mutum uku ba gajiya, ka tambayi abin da ya sha. Ka hana shi, ka ba shi abinci da ruwa, ka biya shi haƙƙinsa a kan lokaci.

Kai kuma mai shirin tafiya Cape, in an ce ga mota, ba sai ka ɓuya a ɗaki ba, ba kuma sai ka sayar da addininka don kunyar abokan tafiya ba. Ka faɗi gaskiyarka tun a ƙofa. Ka bar musu teburinsu, ka fita ka sha iska. Ka tambayi mai yi muku jagora inda ma'aikata ke kwana, da yadda ake biyansu. In ka ga masu girbi ka gaishe su. Ka roƙi direba ya bi da kai Macassar, ka yi wa Shehu Yusuf addu'a. In ka dawo, ka ba iyalinka labarin duwatsun da furannin, ka haɗa musu da labarin ƙararrawar.

Masu sauraro, nan za mu dasa aya.  Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya, Ya sa albarka a gumin duk wanda ya wuni a gona yau. Sai mun sake saduwa a shiri na gaba. A huta lafiya.